Ƙwan Suruka

Doka biyu ce kawai a gidan kiwon kadan nan, kuma maigidan ne ya kafa su da bakinsa mai kaifi. Ta farko, mai riƙe da gora ba ya kallon ƙwai, ruwa yake kallo. Ta biyu, ƙwan kada ba a juya shi. Yadda uwar ta saka shi a yashi haka za a ɗauko shi, a ja masa layi da fensir a ka, a kwantar da shi cikin roba a kan dusar katako mai danshi, layin yana kallon sama. Ka juya shi ko ka girgiza robar, ɗan da ke manne da ɓawon ya ɓalle ya mutu a ciki, ba kuwa za ka sani ba sai ya yi wari.

Matarsa ce mai ɗibar ƙwai. Tun tana amarya ta taɓa yin tuntuɓe, robar ta karkace, ƙwai suka mirgina. Ya yi mata faɗan da sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga.

"Ko wuta ce ta kama zanenki, ki fara ajiye robar daidai, sannan ki yi ihu!"

Ta sha kuka, ta yi masa yajin magana, amma hannunta ya ji karatun. Ba ta sake ɓata ƙwai ko ɗaya ba, har unguwa ta laƙaba mata Uwar Ƙwai. Shi kuwa yabo wuya yake masa kamar cire haƙori. Iyakarsa ya leƙa roba ya ce, "To, ba laifi." Ita kuma ta san wannan "ba laifi" ita ce duk soyayyarsa, kuma tana son abinta haka.

A kududdufin ƙarshe akwai wata tsohuwar kada mace da yake kira Suruka, wai don shekara da shekaru yana kai mata kawunan kaji ba ta taɓa yi masa kallon arziki ba. Ƙwanta ya fi na kowace kada kyau, halinta kuma ya fi na kowa muni. Ranar ɗibar ƙwanta mutum biyu ne ke riƙe gora, shi da ƙanensa. Da safen ranar da abin ya faru, ƙanen yana bakin ƙofar gida ya kwanta a ƙarƙashin motarsu da ta ƙi tashi yana fama da ita.

"Mu jira shi mana, Maigida," in ji Uwar Ƙwai.

"Wa? Wannan? Sai ƙwan ya ƙyanƙyashe ya yi jikoki. Ɗauko robarki."

Suka shiga. Ya jingina gora ɗaya da katanga kusa da shebur, ya riƙe ɗaya, ya tsaya tsakanin ruwa da tudun yashi. Ruwan kore shar, ko motsi babu. Ta durƙusa ta tona a hankali har farin ƙwai ya bayyana. Layi, ɗauka, kwantarwa. Tana jin ƙamshin yashi mai ɗumi, tana jin numfashin mijinta a bayanta, ba ta ɗaga kai ba har robar ta cika. Ta rungume ta a ƙirji ta miƙe tsaye.

Sai ruwa ya fashe.

Suruka ta fito baki buɗe, ya danna mata gora a maƙoshi, ta datse ta ƙaras kamar kara. Ya ja da baya, santsin gansakuka ya kwashe shi, ya faɗi rigingine a kan siminti. Kadar ta tsaya tana fizgar kai, tana ƙoƙarin tofar da guntun gorar da ya maƙale mata.

"Gora!" ya kwarma. "Miƙo gorar!"

Gorar tana nan a jikin katanga, miƙa hannu ne kawai. Abin da ya kamata shi ne ta yi jifa da robar. Ta san haka, zuciyarta tana yi mata ihun haka. Amma gwiwoyinta suka lanƙwashe a hankali kamar kullum, idonta ya nemi wuri mai daidai, ƙafarta ma sai da ta ture wani ɗan dutse gefe. Ta sauke robar lafiya lau, ko ƙwai ɗaya bai motsa ba.

Da ta waiwayo, ƙafarsa ta dama tana cikin bakin Suruka.

Bai ma yi ihu ba da farko. Ya cafki ƙarfen shingen waya da hannu biyu, kadar tana ja da baya, jikinsa ya miƙe sambal kamar igiyar shanya. Uwar Ƙwai ta wuce gorar ta sungumi shebur, ta yi kukan kura ta rafka wa kadar a hanci. Ta ƙara. Ta ƙara, har ƙotar ta tsage ta yanke mata tafin hannu. Suruka ko gezau.

"Ido!" ya ce, haƙora a cije. "Idonta!"

Ta yar da shebur ta haye wuyan kadar, ƙayoyin bayan suna yagar cinyarta, ta cusa babban yatsa cikin idon har ta ji abu ya fashe da ɗumi. Nan Suruka ta yi abin da kada ke yi in ta ga za a ƙwace mata nama. Ta murɗa. Jikinta duka ya juya, ta yi wurgi da matar ta bugu da katanga, ƙashi ya ba da wata ƙara da Uwar Ƙwai ba za ta daina ji ba har ta bar duniya. Juyi na biyu ya raba ƙafar da mai ita daga ƙasan gwiwa. Kadar ta sulale cikin ruwa da rabonta, koren ya koma ja.

Yanzu ya yi ihun. Jini yana tsartuwa har kan yashi. Ta rarrafo, baki a fashe, ta fizge ɗankwalinta ta ɗaure cinyar, ta sa guntun gora ta murɗa ɗaurin tana kiran sunan Allah, tana zagin kadar, tana zaginsa shi ma. "Kada ka rufe ido! Wallahi in ka mutu ban yafe ba!" Ta kama shi ta hammata ta ja shi zuwa ƙofar shinge, inda ƙanen ya iso a guje, hannu duk baƙin mai.

Motar da ta ƙi tashi tun safe, a wannan karon ta tashi.

Ya rayu. Ƙanen ne ya koma da yamma ya ɗauki robar ya kai ɗakin ƙyanƙyasa, don shi ma dokar gidan ta shige shi. A asibiti kowa yaba ta yake, ana nuna ta da baki, ga matar da ta hau kada. Kowane yabo sai ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ita kaɗai ta san ɗan dutsen da ta ture, kuma kullum addu'arta ɗaya ce, Allah ya sa bai gani ba.

Ranar da aka fara jin kukan ƴan kadoji daga ƙwan Suruka, mijin ya ce sai an kai shi. Ya dogara sandunansa har ɗakin, ta riƙe masa ƙofa. Ɗumi da warin danshi suka tare su. Cikin robar ƴan kadoji ne da suka fasa ɓawo, suna ƙyas-ƙyas, suna hawa kan juna, kowanne da idon uwarsa. Ya sa yatsa yana tona dusar, yana neman wanda ya lalace. Ta san abin da yake nema. Da za a samu ko guda ɗaya rak, da ta ji sanyi.

Babu. Duk sun fito.

Ya daɗe yana kallonsu. Sannan, ba tare da ya juyo ba, ya ce, "Har dutse kika ture."

Ta dafa bango. "Maigida..."

"Ina kwance ina kallonki." Ya yi gyaran murya. "Ni na ce ko wuta ce. Ni na faɗa, da bakin nan."

Ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar. Ya jingina sanda ɗaya da bango, ya lalubo hannunta mai tabon shebur ya riƙe gam, ya sake leƙa robar.

"To," ya ce, hawaye yana bin gemunsa. "Ba laifi."