Kwalbar da Ke Jakar Inna

Raudha na fito da zannuwan mahaifiyarta daga jaka tana jera su a durowar gefen gadon asibiti, sai wata kwalba ta zame daga cikin ɗankwali ta gangara ƙarƙashin gado. Ta durƙusa ta lalubo ta. Farar kwalbar roba ce mai jan murfi, rubutun jikinta duk na China, sai hoton wata jar saiwa. Ta girgiza ta. Ƙwayoyin ciki ba su wuce goma ba.

"Inna, har yanzu kina shan wannan?"

Hajiya Ummakulsum na kishingiɗe a kan matasai uku, don ta fi shekara rabonta da kwanciya sosai. Maƙoƙon da ke wuyanta ya girma har ya fara danne mata maƙogwaro, in ta ja numfashi sai a ji wani siririn sauti kamar na buta a kan wuta. Ta dubi kwalbar ta wutsiyar ido.

"Biyu da safe, biyu da yamma. Ba ke kika sayo min ba?"

"Jiya fa?"

"Har jiya. Yau ne dai aka ce ko ruwa kada in sha."

Raudha ta dubi agogon bango. Tara saura kwata. Sha biyu aka ce za a shiga da Inna ɗakin tiyata. Wata huɗu suna jiran wannan Talatar, domin Dakta Harrison, likitan da zai yi aikin, ranar Talata kaɗai yake zuwa wannan ƙaramin asibitin na Fagge, kuma layinsa ba ya yankewa.

Makon jiya nas ɗin sashen, Sista Lucia, ta zaunar da su da doguwar takarda tana tambaya tana cikewa. An hana Inna asfirin tun kwana bakwai, saboda yana tsinka jini. Da ta zo kan tambayar ko akwai wani magani bayan na hawan jini, Raudha ce ta amsa da bakinta: babu. Ita ta sa hannu a ƙasan takardar. Ko kusa kwalbar ba ta faɗo mata a rai ba. Wata biyar ke nan da ta sayo kwalabe uku a Kasuwar Sabon Gari, da mai shagon ya ce maganin yana wanke jini yana sa ƙarfin jiki, ta miƙa wa Inna ta manta.

"Bari in nuna wa Sista."

Inna ta damƙe mata hannu. Da ƙarfinta, ƙarfin macen da ta shekara talatin tana ɗaga katan-katan a Kasuwar Singa.

"Ki nuna mata ta ce me? Ganye ne fa, Raudha, ba magani ba. Kin san halinsu, abu kaɗan sai su ce a dawo. Ni ba zan koma gida da wannan abin a wuyana ba. Mayar da ita jaka."

Raudha ta ce to. Amma a jakarta ta hannu ta jefa kwalbar, ta ce za ta je ta sayo audugar da aka rubuta musu.

A bakin titi ta tsari adaidaita zuwa Sabon Gari. Tunaninta shi ne ta fara sanin mene ne a ciki. In ba komai ba ne, shi ke nan, ba wanda zai ji. Wajen 'Yankura hanya ta cushe, wata babbar mota ta tsaya a gicciye ana sauke buhunan shinkafa. Ta sauka ta ƙarasa da ƙafa, tana ratsa masu baro da masu tallan lemo, gumi na bin bayanta.

Shagon Alhaji Habibullah, inda ta sayo kwalaben, na nan yadda ta san shi, cike da filas-filas, injinan tausa da kwalayen shayin rage tumbi. Ya karɓi kwalbar yana murmushi.

"Malama, ƙari ake so? Wannan ai ya ƙare tun watan jiya. Kaya ne mai kyau."

"Alhaji, me aka rubuta a jiki?"

Ya juya kwalbar, ya nisanta ta da idonsa, ya sake matso da ita.

"Gaskiya ni ba na karanta rubutunsu. Wanda nake saro kaya a wajensa a can ne ya ce min na jini ne. Ni ma ina sha."

"Yau za a yi wa mahaifiyata aiki a wuya."

Murmushin ya ɗauke. Ya ajiye kwalbar a kan teburi a hankali.

"To wannan kam ban sani ba, wallahi. Kada in faɗa miki abin da ban sani ba."

Tara da rabi ta gota. Tana fitowa daga layin ta tuna da Ogechi. Ajinsu ɗaya a sakandare, a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu 'yan cikin gari. Bayan sun gama, Raudha ta tafi kwalejin horon malamai, Ogechi kuwa ta sami gurbin karatun haɗa magunguna a China, ta shekara shida. Yanzu tana da kantin magani a wani layi da ke bayan Titin Faransa. Sun fi shekara biyu ba su haɗu ba.

Ta same ta tana yi wa wani tsoho bayanin yadda zai ɗiga maganin ido. Ogechi ta ɗago, ta buɗe baki za ta yi ihun murna, sai ta ga fuskar Raudha ta fasa.

"Lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba kowa. Karanta min wannan."

Ogechi ta sa tabarau, ta bi rubutun da farce, leɓunanta na motsi.

"Danshen ne. Saiwar wani tsiro ce, can suna ba masu ciwon zuciya. Wa yake sha?"

"Inna. Wata biyar. Sha biyu za a cire mata maƙoƙo."

"Sha biyun yau?" Ta cire tabaran. "Likitan ya sani?"

Raudha ta girgiza kai.

Ogechi ta ja ta zuwa bayan kanta, ta zaunar da ita a kan wani kwali. Ta ce a shekararta ta ƙarshe an tura ta wani asibitin koyarwa, aikinta shi ne bin marasa lafiyan da aka yi wa tiyata gado-gado, tana tambayar abin da suka sha kafin aiki, tana rubuta yawan jinin da ya fita ta robar da ake sa musu a wurin ɗinki. Malaminta ne ke binciken, an bi mutum ɗari shida da wani abu. Ta lalubo takardar a wayarta, ta nuna wa Raudha wani jadawali mai layi biyu.

"Waɗannan sun daina sha mako biyu kafin aiki. Waɗannan kuma sun sha har ana gobe. Cikin ɗari, na farkon mutum biyu ne jini ya ba su matsala. Na biyun, bakwai."

Raudha malamar lissafi ce a firamare, kanta ya yi aikinsa tun kafin ta so.

"Ke nan casa'in da uku sun tashi lafiya."

"Sun tashi."

"To ai da yawa ne, Ogechi. Wata huɗu muna jira. Ba ki ji yadda take numfashi ba. Jiya a sallar la'asar sai da ta zauna, ta kasa ruku'u."

"Na ji ki. Kuma ba zan yi miki ƙarya ba, binciken nan a asibiti ɗaya aka yi shi, kan mutanen can, yawancinsu aikin ciki ne. Ita kanta kwalbar nan ban san me aka zuba a ciki ba bayan abin da aka rubuta. Amma wuya ba ciki ba ne. In jini ya taru a ciki, akwai wuri. In ya taru a wuya, maƙogwaro yake dannewa, cikin 'yan mintoci. Na ga ya faru da wata mata da idona. An cece ta, amma a kan gadon sashe aka farke ɗinkin, ba a ma kai ga ɗakin tiyata ba."

Raudha ta sake duban jadawalin.

"Inna tana cikin casa'in da ukun ne, ko cikin bakwan?"

"Takardar ba ta san Inna ba."

A waje wani yana ƙwanƙwasa kanta yana neman maganin mura.

"Ni na sayo mata," in ji Raudha. "Ni kuma na ce musu babu. Na sa hannu."

"To ke za ki koma ki ce akwai." Ogechi ta yagi takarda ta rubuta sunan saiwar da adadin da ke cikin kowace ƙwaya, ta ƙara lambar wayarta. "Na tura miki binciken. Ki ba likitan ya gani, shi zai yanke. In yana da tambaya ya kira ni. Tashi, goma da rabi ta yi."

Dawowar ta fi tafiyar wuya. Mai adaidaitan ya bi ta lungu don ya kauce wa cunkoso, ya tarar an kafa rumfar suna an toshe hanya. Sau biyu wayarta na ƙara, lambar Sista Lucia, ba ta ɗauka ba. Tana ta maimaita lissafin a ranta. In ta yi shiru aka gama lafiya, ba wanda zai taɓa sani. In ta yi magana aka ɗaga, numfashin Inna ya tsaya a gida kafin ranar fa? Ta kowane ɓangare ta duba, hannunta na ciki.

Sha ɗaya da minti ashirin ta shiga sashen. An riga an sa wa Inna koriyar riga da hular roba, an ɗaura mata ruwa, gadon turawa na jira a bakin ƙofa. Ba ɗankwali, ba 'yan kunne, sai ta ga Inna ta ƙanƙance.

"Ina kika shiga?" in ji Sista Lucia. "Mun yi ta kira. An matso da aikin, na gabanta bai zo ba. Ina audugar?"

Inna ba ta tambayi auduga ba. Jakar hannun Raudha take kallo.

"Raudha," ta ce a hankali. "Na roƙe ki."

Raudha ta kau da kai daga gare ta.

"Sista, ina son ganin likita. Akwai abin da ban faɗa ba a takardar nan."

Dakta Harrison ya fito da kayan aiki a jikinsa, takunkumi na rataye a wuyansa. Mutumin Zariya ne, dogo, mai magana a nutse. Ya karanta takardar Ogechi, ya karɓi wayar ya daɗe yana kallon jadawalin, yana ja da yatsa sama da ƙasa. Ya kira lambar, suka yi magana da Turanci na ɗan lokaci. Raudha na tsaye tana jiran faɗa. Bai yi ba.

Ya jawo kujera ya zauna daidai fuskar Inna.

"Mama, yau ba zan taɓa wuyan nan ba."

"Likita, ganye ne."

"Na sani. Wataƙila ma in na yi aikin ba abin da zai faru. Amma maƙoƙonki babba ne, jijiyoyin jini sun kewaye shi, jaka ɗaya ta jini kawai muka tanada, ni kuma ƙarfe shida nake barin asibitin nan. Ban yarda in yi caca da ke ba. Ki daina shan wannan daga yau. Za mu ɗebi jini a auna. Talata ta sama ta biyu, ke ce ta farko, ƙarfe takwas, ko da wa zan ture."

"In na kai."

"Za a ba ki lambata. In numfashin ya canza, ko muryarki ta shaƙe, ba jiran Talata, ku taho kawai." Ya miƙe, ya dubi Raudha. "Malama, a bar min kwalbar."

Sista Lucia ta cire ruwan, ta manna auduga a bayan hannun Inna. Raudha ta mayar da zannuwan cikin jaka ɗaya bayan ɗaya. Ta haɗa shayi ta miƙa, Inna ta kau da kai, duk da rabonta da abinci tun jiya. Ta miƙa hannu za ta ɗaura mata ɗankwali, Inna ta karɓe ta ɗaura da kanta.

Suka hau adaidaita zuwa gida. Inna ta ja mayafi ta rufe wuyanta, tana kallon shagunan teloli suna wucewa. Raudha na jin siririn sautin nan duk da ƙarar inji, tana ƙirga shi ba da son ranta ba. Kwana goma sha huɗu za ta yi tana sauraronsa.

Sun kusa kwanar gidansu Inna ta taɓa kafaɗar direban.

"Ɗan nan, wuce da mu Kwaciri."

"Inna, Kwaciri kuma? Ba ki ci komai ba, ga rana."

"Gidan Maman Eric za mu, maƙwabciyata ta kasuwa." Ta tsaya ta ja numfashi, har yanzu ba ta dubi Raudha ba. "Kwalba ɗaya na ba ta, ta kai wa maigidanta. Jibi za a yi masa aikin ƙaba."

Direban ya rage gudu yana jiran su daidaita.

"Takardar da ƙawarki ta rubuta, likita ya riƙe?"

"Ya riƙe. Amma binciken yana wayata."

"To ki buɗe shi tun yanzu," in ji Inna. "Mutumin nan taurin kai gare shi. Ke za ki yi masa bayani."