Bayan Tankin Ruwa

Tun ranar da aka yi wa Baba huruj niha'i, wato fitar da ba dawowa, ya daina zama wuri ɗaya. Kafilinsa, wanda ya tsaya masa a takardun zama, ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da shagon waldan da ke unguwar da ake kira Madinar Masana'antu, kuma ba wanda zai karɓi iƙama, wato takardar zama, ta tsoho ɗan shekara saba'in mai ciwon gwiwa. Aka ce ya bar ƙasa mai tsarki ya koma ƙasarsa. Fasfonsa dai na Nijar ne, amma Baba Othman bai taɓa ganin Nijar ba sai a wayar mutane.

Da safe yana ɗakinsa na unguwar Kurayyat yana ɗaure akwati, da azahar ya kwance shi. Da la'asar ya taho gidana a unguwar Safa, ya hau bene yana haki, in ɗora shayi, kafin ruwan ya tafasa ya miƙe wai ya tuna wani abu. Ni kuma ga jego, ga jaririya, ga tsoho yana shiga yana fita kamar mai neman makulli. Raina yana ɓaci da shi, in ya fita kuma in zauna in yi kuka.

In ka tambayi Baba garinsu sai ya ce teku, mutane su yi dariya, alhali da gaske yake. Mahaifiyarsa, Inna Hajara, ta baro Damagaram da ƙafa ita da mijinta da niyyar aikin hajji. Suka yi shekaru a hanya, suna tsayawa su yi ƙwadago su ƙara gaba, har suka shiga jirgin ruwa a Sawakin tana da tsohon ciki. A zamanin ba a sauke alhazai cikin gari kai tsaye, sai an tsare su a wani ɗan tsibiri an tabbatar ba su zo da annoba ba. Tsofaffinmu Karantina suke ce masa. A nan naƙuda ta kama ta, a nan aka haifi Baba, a nan aka binne cibiyarsa. Ta sha gaya masa cewa bayan tankin ruwa ne, inda mata ke wanki. Shi kuwa bai taɓa taka wurin ba, don tun yana yaro tsibirin a rufe yake.

Ni ce na jawo wa kaina. Na ga talla a waya cewa wani kamfani ya gyara tsibirin ya buɗe shi ga masu yawon buɗe ido, da jirgin kai mutane da mai zagayawa da su. Bakina bai iya shiru ba, na nuna masa.

"Yalla, ki yanka mana tikiti," in ji shi.

"Baba, yanzu fa na gama arba'in. Wa zan bar wa Razan?"

"Maƙwabciyarki tana nan. Ko so kike in tafi ban gani ba?"

Razan 'yata ce. Sunan Inna Hajara aka sa mata, shi ya sa muke sakaya shi, Baba kuma Uwata yake ce mata. Akwai wata magana a kanta da ta tsaya mini a wuya. Da cibiyarta ta faɗi na naɗe ta cikin farin ƙyalle, na rasa yadda zan yi da ita, domin a hawa na huɗu muke, ko furannin da ke barandarmu na roba ne. Sai surukata Hajiya Lubabatu ta aiko da saƙon murya daga Damagaram cewa a ba Baba ya taho da ita, a binne a gidansu gindin bishiyar da aka binne ta ɗanta. Maigidana Abdelkader ya ce shi ke nan, an gama magana. Gidan nasu ne kuma Baba zai sauka, don ba shi da kowa a can. Na miƙa wa Baba ƙullin da hannuna. Ban so ba ko kaɗan, amma ban ce wa kowa uffan ba.

Ranar zuwa tsibirin tun kafin jirgi ya buɗe ƙofa muna bakin ruwa. Baba ya sa farin tobinsa na Juma'a, doguwar rigar nan ta Larabawa, ya ƙi zama a benci, yana kai gwauro yana kai mari a gaban mai duba tikiti har mutumin ya fara kallonmu. A cikin jirgin ma tsaye ya yi, yana riƙe da ƙarfe. Sauran fasinjoji iyalai ne da yara, da wasu Turawa biyu da hulunan rana, kowa da waya a sama. Ni ina duba tawa ko maƙwabciya ta kira, nono kuma ya fara cika yana yi mini tsami.

Tsibirin ƙarami ne ƙwarai, kana tsaye a wannan bakin kana hango wancan. Ba bishiya ko ɗaya. Akwai kangon dogayen ɗakunan da alhazai suka kwana, da ɗan masallaci marar rufi, da ɗakin da ake turara kayan mutane don kashe cuta. An shimfiɗa hanyar katako a tsakaninsu, an ja igiya hagu da dama. Can gefe an kafa rumfar sayar da gahawa da askirim, da wani babban firam na katako da mutane ke shiga a ɗauke su hoto teku na bayansu.

Mai zagayawa da mu wani magidanci ne mai tumbi, Abdulwahid, da 'yar lasifika rataye a wuya. Ya fara da doka kafin labari. Ba a tsallake igiya, ba a ɗaukar dutse, ba a barin komai a ƙasa, kuma in jirgi ya yi ƙaho karo na biyu ba ya jiran kowa. Kalmar mamnu'u, wato an hana, ta fi kowace yawa a bakinsa. Sannan ya shiga ba da labarin mutanen da suka zo daga Jawa da Indiya da Afirka, yana nuna hotunansu a alluna.

Baba bai saurari ko kalma ɗaya ba. Ya wuce gaba, ya dawo, ya leƙa nan, ya leƙa can.

"Ya ammi, tare da jama'a, Allah ya ba ka lafiya," in ji Abdulwahid da Larabci, yana kiransa baffa.

"Ina tankin ruwa?"

"Shi ne na ƙarshe. Haƙuri, da tsari muke tafiya."

Sai da muka bi tsarin nan kuwa. Muka tsaya a ɗakin turara kaya, muka tsaya a masallaci, muka jira wata mata ta gama ɗaukar 'ya'yanta hoto ɗaya bayan ɗaya. Rana ta take, gumi yana bin bayana cikin abaya. Na ji kamar in ƙwace lasifikar in jefa a ruwa. Har na fara addu'ar Allah ya sa an rushe tankin, mu huta, sai kuma na ji kunyar kaina.

Tankin yana nan. Gini ne na dutsen teku, ya fi tsawon mutum, an yi masa sabon shafe ta gaba. Abdulwahid ya yi bayaninsa a gurguje, ya ce yanzu lokacin hutu ne, kowa ya je rumfa. Jama'a suka juya. Baba ya bari suka yi nisa, sannan ya ɗaga ƙafar nan mai ciwo ya tsallake igiya.

"Baba! Mamnu'u fa aka ce!"

Ko waiwaye bai yi ba. Na duba hagu na duba dama, na tattare abaya na bi shi.

Bayan tankin ba abin da aka gyara, don ba a kawo baƙi nan. Fili ne na yashi da ɓaraguzan dutse har bakin ruwa, an jingine wasu buhunan siminti da ragowar katako. Baba ya tsaya yana kallo. Ya taka zuwa wannan kusurwa, ya dawo waccan, ya dafa bango, ya sake komawa. Ina ganin leɓensa yana motsi. Ni kuma ina leƙen rumfa kada a hango mu.

"Nan ne? To ka gani, alhamdulillahi. Yalla mu tafi."

"Ban san wurin ba, Tahani."

"Inna ba ta ce bayan tanki ba? Ga bayan tanki."

"Ga shi nan da faɗi. Ita ma ba ta gani da idonta ba, zazzaɓi take yi. Wata tsohuwa Babarbariya ce ta binne, ta zo ta gaya mata." Ya share fuska da gefen gutura, mayafin kansa. "Na ɗauka in na zo zan ji a jikina. Wallahi ban ji komai ba."

Tausayinsa ya kama ni. Shekara saba'in yana ce wa mutane nan ne garinsu, ya zo ya tarar da buhunan siminti. A daidai nan jirgi ya yi ƙahon farko.

Na kama hannunsa, ya zame. Ya matsa jikin bango inda wani tsohon zoben ƙarfe ke kafe, ya yi tsatsa, ya ja shi da ƙarfi ya ji bai motsa ba. Sai ya durƙusa ƙasansa da ƙyar, ya zaro makullin ɗakinsa ya fara tono.

"Me kake yi kuma? Nema za ka yi? Baba, abin da aka binne tun kafin a haifi Mama?"

Ya aje makullin ya ci gaba da yatsu, yatsun nan da walda ta ƙone har ba sa jin zafi. Da ramin ya kai tsawon hannu, ya sa hannu a aljihun tobi ya fito da farin ƙulli. Nan take na gane shi, don ni na ƙulla.

Abu na farko da ya zo mini ba surukata ba ce. Tsoho baƙar fata, a bayan gini, yana binne ƙulli a rami: duk wanda ya gani a garin nan sihiri zai ce, kuma ba wanda zai tsaya jin bayanin cibiya. Mutumin da ya rage masa 'yan kwanaki ya fita lafiya, sai ya ƙare a hannun hukuma.

"Baba, ka rufa mana asiri. In aka gan ka fa? Kuma amanar Hajiya ce, gidanta za ka sauka. Da wane ido za ka kalle ta?"

Ya ɗago ya dube ni. "Ke uwarta ce. In kin ce a kai Damagaram, halas, shi ke nan, in mayar aljihu, in kai. Amma ban taɓa jin kin ce ba. Su suka ce."

Sai ga muryar Abdulwahid daga can gaban tanki, yana tahowa, katako yana ƙara ƙarƙashin takalminsa.

"Ya ammi! Ya ukhti! Kuna ina? Jirgi!"

Ban san lokacin da na yanke shawara ba. Na zagaya kusurwar tankin na tsaya a bakinta, na ware hannuwa na baza abayata kamar mai shanya, na cika hanyar. Kunya ta kama ni, amma na daure na ce masa da Larabci tsoho ne, fitsari ya matse shi, ya yi mana haƙuri kaɗan. Mutumin ya tsaya cak, ya kau da kai. Ya yi gunaguni cewa ga hammam, wato banɗaki, can an gina da kuɗi mai yawa, sannan ya juya baya yana duba agogo.

Ta bayana ina jin Baba yana bisimilla a hankali. Na waiga. Ya kwance ƙullin, ya zuba ɗan busasshen abin nan a ramin shi kaɗai, ya mayar da ƙyallen aljihu. Ya tura yashi, ya daddanna da tafin hannu, ya share wurin har ba a gane an taɓa.

"Tahani, duba nan," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kin ga zoben? Ƙarfen da ne, zai fi ni da ke daɗewa. Daidai ƙasansa. Ba bayan tanki kawai za ki ce mata ba."

"Na gani, Baba."

"Ki sake dubawa."

Na sake dubawa. Sannan na ɗago shi, muka tsallake igiya, Abdulwahid yana gaba yana ta faɗa, muna biye muna ba shi haƙuri. Muna sa ƙafa a jirgi ƙaho na biyu ya tashi.

Gaban rigata ya jiƙe da nono, na ja gyale na rufe. Waya ta nuna saƙon murya daga Hajiya Lubabatu, tun muna ɗakin turara kaya ya shigo. Na sa a kunne. Gaisuwa ce, da tambayar ko an ba Baba saƙon, kada a manta da shi cikin hidimar tafiya, ta riga ta sa an share gindin bishiyar.

Baba ya miƙo hannu. "Kawo in yi mata bayani. Ni na yi."

Na hana shi. Na danna na fara magana, injin jirgi yana ƙara. Na gaishe ta yadda ya kamata, na tambayi mutanen gida. Sannan na ce, "Hajiya, ki yafe mini. Baba yana nan tafe, amma cibiyar Razan ba za ta zo ba. An binne ta nan inda aka binne ta kakanta. Ni na tsaya aka yi." Na tura kafin in canja ra'ayi. Na san akwai magana tana jirana a gida wurin Abban Razan, kuma ba ƙarama ba.

Da na juyo in gaya wa Baba na tura, sai na tarar ya zauna. Ya jingina kai da jikin jirgi, hannuwansa da yashi a kan cinya, ya yi barci, bakinsa a ɗan buɗe. Bai ko waiwayi tsibirin ba. Ni ce na koma baya na riƙe ƙarfe, ina kallon tankin yana ƙanƙancewa, ina maimaita wa kaina ta wane gefe zoben yake.