Ƙafar Auta

Sista ta danna babban yatsanta a sharaɓar 'yarta Auta, yarinyar ta janye ƙafar tana cije leɓe. Ta hagu ce, ta kumbura ta yi sumul, ga zafi rau kamar an gasa ta, alhali ta daman lafiyarta ƙalau. Auta ta ce yau kwana uku ke nan, kuma ita ba ta faɗi ba, ba ta bugu da komai ba. Sista ta ji, amma ba ta yarda ba, don ruwa ba ya tsami banza.

Ba wata sistar asibiti ba ce fa. Shekara ashirin da biyu ta yi tana shara da goge-goge a asibiti, ta ajiye aiki ta fito da sunayen magunguna cike da baki, da wata irin tafiya ta masu farar riga. Maƙwabta suka laƙaba mata sunan don tsokana, ita kuwa ta karɓe shi hannu bibbiyu. Yanzu ko ciwon kai aka yi a layinsu sai an leƙo an tambaye ta.

Ta ɗaga ido ta dubi surukinta, wanda ke tsaye a bakin ƙofa da kayan aikinsa duk ƙunar wuta. Mai walda ne, ƙato, ba ya magana sai ta kama. Tun ranar farko Sista ba ta saki jiki da shi ba. Mutumin da za a zauna da shi awa guda bai ce uffan ba, ai ba a san abin da yake dafawa a ciki ba. Yau kuma ko haɗa ido ya ƙi yi da ita. Ya gaishe ta a gurguje, ya ce bari ya nemo mota.

Kafin ya fita sai ya ratsa ɗakin da keken ɗinkin Auta yake. Sista ta kasa kunne. Ta ji ƙarar murfin gwangwani.

Ta san gwangwanin nan, na zare ne. A ƙarƙashin zaren ne Auta ke ɓoye ƙwayoyin tazarar haihuwa. Yara uku cikin shekara huɗu, yarinya ta rame ta zama kamar tsinke, ga ɗinki dare da rana. Sista ta ga ba za ta zuba ido ba. Ta je kemis ta ambaci sunan maganin da bakinta, irin wanda ta sha gani ana ba mata a asibiti, mai kemis ya miƙo ba tare da ya tambaye ta ko na wane ne ba. Wata bakwai ke nan tana kawowa, ta kuma ja wa Auta kunne cewa kada mijin ya sani, maza ba su da tabbas a kan irin wannan.

Ashe ya gano. Biri ya yi kama da mutum. Ya gano, ya huce a kan 'yarta, yanzu kuma ya ɗauke shaida ya sa a aljihu don ya ji daɗin cin mutuncinsu a gaban jama'a.

“Faɗa mini gaskiya,” ta ce ƙasa-ƙasa. “Da me ya buge ki?”

“Umma, wallahi bai taɓa ni ba.”

“Haka duk kuke cewa.”

Daga ɗaki zuwa bakin titi taku ashirin ne, amma sau biyu Auta tana tsayawa. Ta dafe ƙirji ta ce numfashinta ba ya kai wa ƙasa, kuma wani abu yana sukarta in ta ja iska. A cikin mota Mai walda ya zauna gaba, hannunsa na dama dafe da aljihun riga. Sista ta kafe ƙeyarsa da ido har suka isa. Ta riga ta shirya maganar da za ta yaɓa masa, ta kuma yanke cewa daga asibiti gidanta Auta za ta wuce, ita da yaran duka.

Ba asibitin da ta yi aiki ba ne, babu wanda ya san ta. Duk da tashin hankalin da take ciki sai da ta lura an goge tsakiyar ɗakin da aka shigar da su an bar kusurwoyi. Likitar mace ce, ba za ta girmi Auta da yawa ba. Ta auna ƙafafun biyu da tef, ta maƙala wa Auta wani abu a yatsa, ta dubi lambar da ya nuna, sai fara'arta ta ɗauke. Ta sa aka kawo iskar numfashi. Ta ce tana zargin jini ne ya daskare a jijiyar ƙafar, wataƙila wani guntu ya ɓalle ya tafi huhu, kuma abin ba na jira ba ne.

Sista ta matso ta ce a duba da kyau, ko alamar duka ce. Likita ta ce ba ta ga alamar duka ba. Sannan ta tambaya ko akwai maganin da mara lafiyar take sha kullum, kowane iri ne.

Auta ta dubi uwarta ta saman robar da ke hancinta. Sista ta so ta ce a fitar da mijin tukuna, amma ta ga yadda ƙirjin 'yarta ke hawa da sauka, tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Aure dai in ya mutu ana sake wani.

“Tana shan ƙwayar tazara,” in ji Sista. “Wata bakwai.”

Ta jira Mai walda ya fashe. Sai ta ga ya zura hannu a aljihu ya fito da katin maganin, rabinsa an ɓare, ya miƙa wa likita da hannu biyu. Ya ce ya taho da shi ne ko za a buƙaci ganin sunan. Tun watan farko ya gan shi, ranar da yake neman allura. Bai yi magana ba don kada Auta ta ji kunya, kuma shi ma ya ga tana buƙatar hutun.

Likita ta juya katin ta karanta. Ta tambaya ko a dangi akwai wanda jini ya taɓa daskare masa, ko wata da ƙafarta ta kumbura haka bayan haihuwa.

Sista ta tuna. Ƙanwarta. Shekara talatin da suka wuce, kwana goma da haihuwa, ƙafa guda ta kumbura, da safe ta tashi za ta ɗauki jariri ta faɗi, shi ke nan. Aka ce kwana ne ya ƙare. Ta faɗa wa likita.

Likita ta ce mata da yawa suna shan irin wannan lafiya lau, amma mai irin wannan tarihi a gida ba a ba ta shi, akwai wasu hanyoyin da suka fi dacewa da ita. Tambayar farko ke nan da ake yi kafin a rubuta. Tana magana tana cika takarda, wata nas kuma ta riga ta ɗaure hannun Auta tana neman jijiya. Likita ta ce an zo a kan lokaci, amma da ƙyar.

“Wa ya rubuta mata shi?”

“Ai shi ya sa hankalina ya kwanta, likita,” in ji Mai walda, ba da wata manufa ba. “Na san daga hannun Umma ya fito. Sista ce, ta daɗe a asibiti.”

Likita ta ɗago kai, da ɗan girmamawa a fuskarta. Ta tambayi Sista a wane sashe ta yi aiki.

Sista ta dubi surukinta, wanda ya tsuguna yana cire wa Auta takalmi daga kumburarriyar ƙafar a hankali, da manyan hannuwan nan nasa. Ta dubi kusurwar da ba a goge ba.

“Duka sassan na zaga, 'yata,” ta ce. “Shara nake yi.”