Izinin Baba Azariya

Kwana uku Hellen tana yawo a Kafanchan baki har kunne, kamar wadda aka ba kujerar Urushalima. Ƙunshinta na farko ya haɗu. A duniyar Linux, tsarin kwamfutar nan na kyauta, sai wani ya ɗaure manhaja tsaf da takardunta kafin a saka ta a rumbun da kowa ke ɗiba. Tata ƙarama ce: tana duba rubutun yaren Jju, ta ja layi ƙarƙashin kalmar da aka rubuta ba daidai ba.

Sai Doreen, tsohuwar hannu mai duba aikin sababbi, ta aiko da saƙo: aiki ya yi kyau, amma kalmomin Jju dubu shidan nan da ke cikin ƙunshin na wane ne? In babu izinin mai su a rubuce, ƙunshi ba zai shiga ba.

Hellen ta sake karanta saƙon. Kalmomin na kakanta ne, Baba Azariya, tsohon malamin firamare da ya shekara arba'in yana tara su a littattafai. Ya ba ta ne ta buga masa a kwamfuta kawai, kuma kowa ya san hannunsa hannun jarirai ne.

Ta ɗauki takardar izini ta hau mota zuwa Zonkwa, ta same shi yana shanya citta.

"Baba, in ka sa hannu, kowa zai iya kwafar kalmominka. Har ya sayar."

"Ya sayar," in ji tsohon, ko ɗagowa bai yi ba.

"Kuma zai iya canzawa." Ta faɗi wannan ƙasa-ƙasa, don nan take tsoro.

Sai ya miƙe. "Wato in na yi mistek, wani zai gyara? Ko bayan na mutu?"

"Haka ne, Baba."

Tsoho ya kwashe da dariya har da tari, Hellen ta ji kamar ta taka rawa a kan cittar.

"Jikata, akwai kalma wajen ɗari da ban tabbata ba. Tsofaffin da zan tambaya sun tafi gida. Yara kuma, in na tambaye su, da Hausa suke amsa mini. Ina ɓoye littattafan nan ne don kunya, na ɗauka da kuskurena za a binne ni." Ya goge hannu a wando. "Ina ne wurin sa hannun?"