Gada Biyu a Kogi Ɗaya

Ranar da aka ce za a yi gada a kan kogin, Gajere mai kwale-kwale ko abinci bai iya ci ba. Da kwale-kwalen nan yake riƙe gidansa, yana ƙetarar da mutane da kwandunan tumatir tsakanin ƙaramar hukumar wannan gaɓa da ta waccan. In gada ta zo, wa zai sake kallonsa?

Wani kamfani ne ya jawo maganar. Wai zai kafa masana'antar tumatirin gwangwani, amma sai a ƙaramar hukumar da ta riga yin gada. Su kuwa ciyamomin biyu, kowa ya sani ba sa ga maciji da juna.

"Sayar da kwale-kwalen zan yi tun yana da daraja," in ji Gajere.

Matarsa tana wanke-wanke, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Haba maigida, ciyamominmu ne fa! Mutanen da suka bar famfo ya yi tsatsa suna rigimar sunan wa za a rubuta a jiki? Ajiye abinka."

Ya ajiye, amma hankalinsa bai kwanta ba.

Kowane ciyaman ya fara tasa gadar daga gaɓarsa. Da injiniyoyi suka ce ai gara a haɗa zane a yi guda ɗaya, aka ce musu sirrin hukuma ne. Ciyaman na nan ya sa aka kewaye aikinsa da langa-langa, kada maƙwabta su saci dabara. Na can ya ji, ya kafa wanda ya fi tsayi, har da fenti. Kuɗi ya ƙare wa kowa a tsakiyar ruwa. Sai kowanne ya ce ba komai, ai rabin wancan zai zo ya same shi, tun da shi ne babba.

Ranar buɗewa Gajere ya zo da ƙaninsa dillali, a kan cewa ana yanke ƙyalle a yi cinikin kwale-kwale. Aka buga ganguna, aka cire langa-langa.



Rabin nan ya nufi gabas, rabin can ya nufi yamma, sun kauce wa juna kamar surukai a hanya. Tsakaninsu ruwa ne shimfiɗe, ko ɗan akuya ba ya tsallakewa.

Duk da haka kowane ciyaman ya yanke ƙyallensa, ya ce tasa ce a daidai. Mutumin kamfani ya duba hagu, ya duba dama, sannan ya ɗaga murya:

"Mai kwale-kwale! Zo ka mayar da ni inda na bar motata."

Masana'antar dai tana can wata ƙaramar hukuma da ko rafi ba ta da shi. Gajere kuwa yanzu ƙarƙashin gada yake ɗaure kwale-kwalensa, da safe inuwar wannan ciyaman, da yamma ta wancan.

"Ka ce ba a samu ci gaba ba," in ji matarsa. "Da can ba a rana kake jiran fasinja ba?"