Dillaliya Ta Ƙi Dawowa

Shekara guda da komawar sojoji bariki, aka ce a haɗe ofisoshi biyu na hukumarmu su zama ɗaya, na bakin Ƙofar Wambai da na gindin Goron Dutse. Haɗe kujeru da tebura bai ba kowa wahala ba. Sunayen ma'aikata ne suka zame mini ƙarfen ƙafa, ni Luba, da aka ɗauka aikin kwamfuta don kawai an ga ba na tsoron taɓa waya.

Kowane ofis yana da kundinsa na sunaye a cikin saba, wato babbar kwamfutar da sauran ke tambaya. Kundin Wambai wani kamfanin Amurka ne ya kafa shi, na Goron Dutse kuma na Jamus, ba sa jin yaren juna. Sai aka sayo na'ura ta uku da za ta zauna a tsakani. Ka tambaye ta suna, ta je ta tambayo kundin da yake da shi, ta kawo maka amsa. Takardarta ta ce sunanta firoksi. Ni dillaliya nake ce mata, don aikinta ke nan, shiga wannan gida, fita wancan, da kayan mutane a ka.

Idan na aike ta da suna ɗaya, kafin in ƙifta ido ta dawo. Amma in na ce ta kawo mini sunayen kowa da kowa, sai ta tafi ta ƙi dawowa. Ƙaramar fitilarta kore ta yi ta ƙyaftawa har a kira la'asar. Shugabarmu Hajiya Zinariya kuwa ta ce ranar Alhamis take son cikakken jeri a kan teburinta, kowane suna da matsayinsa: yana aiki, ya yi ritaya, ko ya rasu.

A ofishin Wambai ɗin nan yayana ya yi aiki. Sunansa na yanka Mikailu, amma shi ne ɗan farin Inna, don haka ba ta taɓa faɗar sunan ba, Ɗanladi take ce masa, mu ma muka bi ta. Shekara huɗu da suka wuce wasu mutane cikin mota mara lamba suka ɗauke shi a bakin ofis saboda wata takarda da ya sa wa hannu. Ni da Inna ba inda ba mu je ba. Nan su ce ba ya hannunsu, mu je can, can su ce mu koma inda muka fito. Da farar hula suka hau aka buɗe gidajen yari, kowa nasa ya dawo, namu shiru. Inna ta hana a yi masa addu'ar mamaci, kuma duk gabanin damina sai ta sa an yaɓe rufin ɗakinsa a gidanmu na Zaitawa, wai kada ya dawo ya tarar da yoyo.

Litinin da Talata na ƙare su ina bin dillaliya da bincike. Na canza waya. Na sake ba ta kalmar sirrin shiga kowane kundi, ko wani ne yake hana ta ƙofa. Na gano inda Ba'amurke yake rubuta sunan uba, nan Bajamushe yake sa sunan unguwa, na daidaita mata su, na ce shi ke nan na kama ɓarawona. Ina! Na tambayi kowane kundi shi kaɗai, ya zubo sunayensa tsaf. Na koma ta wajen dillaliya, ta sake ɓacewa. Har zaginta na yi, Allah ya yafe mini, na ce mata uwar yawo.

Ranar Laraba bayan azahar hadari ya haɗu ya ƙi zuba. Fanka tana juyawa a kasalance, janareto yana gurnani a bayan gini. Na sa na'urar ta riƙa rubuta duk takun da ta yi, na jingina ina jira, gyangyaɗi ya ɗauke ni. Sai na ga dillaliyar ta zama mace, doguwa, da ƙwarya a ka da koren mayafi, tana ratsa lungunan cikin gari. Ta yi sallama a wani zaure, aka ce mata daga ciki, ba ya nan, ki je Goron Dutse. Ta hau dutsen, garin duka yana ƙasa yana lilo kamar a cikin ruwa, wata murya ta ce, ba ya nan, ki je Wambai. Ta sauko. Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma zauna ba. A zagaye na uku na lura takalmin Inna ne a ƙafarta, wanda maɗaurinsa ya tsinke muka ɗaure da zare.

Na farka fuskata a jiƙe. A kan allon kwamfuta layi biyu ne suke ta maimaita kansu, sun cika shafi sun tumbatsa. Kundin Wambai yana cewa mai wannan suna ya koma Goron Dutse. Kundin Goron Dutse yana cewa ya koma Wambai. Sunan kuwa Mikailu Hashim Zaitawa.

Ban taɓa neman sunansa a kundin ba, tsoro nake ji. Na daɗe ina kallon layukan, sannan na tashi na nufi teburin Malam Ilu, tsohon akawun da ya shigar da sunayen Wambai da yatsa ɗaya tun ranar da aka kawo sabar. Na nuna masa takardar da na buga. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Ni ne, 'yar nan," ya ce. "Umarni ya zo daga sama a goge shi. Na zauna zan goge, hannuna ya ƙi. Mutumin da ba a yi masa wanka ba, ba a sallace shi ba, ni wane ne da zan share shi? Sai na ga akwai wurin da ake cewa mutum ya koma wani ofis. Na ce to, ya koma Goron Dutse."

"Su kuma na can fa, Baba?"

"Malam Ashafa ne akawunsu, tare muka yi makarantar allo. Da sunan ya iso masa a takarda, shi ma aka ce ya goge. Ashe abin da na yi shi ya yi." Ya yi ɗan murmushi mai ciwo. "Kundayen ba sa magana da juna, ba wanda ya sani. Sai da kika kawo wannan mai biyayyar."

Gyaran ba wuya. Zan iya ce wa dillaliya in an tura ta sau biyu ta haƙura ta dawo, minti biyar ya ishe ni. Amma jerin Hajiya Zinariya ba ya karɓar suna babu matsayi. Ko dai in goge Ɗanladi kamar ba a taɓa yin sa ba, ko in zaɓa masa ɗaya cikin ukun nan. Na san wanne ne gaskiya, na daɗe da sani. Sai dai ba ni na haife shi ba, ba ni da ikon rubutawa.

Na tarar da Inna a tsakar gida tana kwashe shanya, iska tana kaɗa zannuwa. Na zauna a kan turmi na faɗa mata komai, da dillaliya da kundaye da tsofaffin akawu biyu. Na yi zaton za ta ce in daina kawo mata shirmen na'ura. Sai ta tsaya da zane a hannu tana kallon rufin ɗakinsa, sabon yaɓen bana ko gama bushewa bai yi ba.

"Wato har a cikin ƙarfen ma turawa ake yi da shi," ta ce.

"Haka ne, Inna."

"Kullum?"

"Duk sanda aka tambaya. Ya je can, a dawo da shi nan."

"Ba wanda ya ce masa shigo ka zauna."

Sai hadarin nan ya fara sakin ruwa. Ɗigon farko ya faɗo a kan tabarma, babba, sai na biyu. Inna ta ninke zanen, ta sake ninkewa, har ya zama ɗan ƙarami a tafinta.

"Kada ki goge shi," ta ce. "Kuma kada a sake tura shi ko'ina. Ƙafarsa ta gaji, tawa ma ta gaji. In gari ya waye ki biya ta wurin liman, ki ce a tara mutane ranar Juma'a."

"Me zan rubuta a kundin, Inna?"

Ta juyo ta dube ni. Shekarata ashirin da takwas a gidan nan, ban taɓa jin abin da ya biyo baya daga bakinta ba.

"Ki rubuta Mikailu ya rasu," ta ce, a hankali, kamar tana taɓa goshinsa. "Mikailu. Ki sa adireshin gidan nan."

Ranar Alhamis da hantsi na cire turawar daga kundayen biyu, na rubuta abin da ta ce. Malam Ilu yana tsaye a bayana da hularsa a hannu. Na aiki dillaliya ta kawo sunayen kowa. Fitilar ta ƙyafta sau ɗaya, sai ga ta ta dawo.