Lauyan Gona, Lauyan Shanu

Barista Lado bai iya cewa a'a ba, ita ce kawai cutarsa. Shanun Yero suka shiga gonar Audu suka yi wa dawa kaca-kaca. Yero ya zo ofishin Lado a Ƙofar 'Yandaka, ga shi dangin mahaifiyarsa ne. Aka gaisa har aka tambayi lafiyar maruƙa, Lado ya ce ya karɓi shari'a. Washegari sai ga Audu, ƙanen surukinsa. To wa zai kalli idon suruki ya ce mishi tahi? Tasa shari'ar ma ya karɓa.

Ranar zaman kotu, alƙali ya tambayi lauyan mai ƙara, Lado ya miƙe. Ya tambayi na wanda ake ƙara, bawan Allah ya zauna ya sake miƙewa. Kai, ranar har masinja sai da ya fita waje ya yi dariya.

Ƙungiyar lauyoyi ba ta yi dariya ba. Aka kira shi gaban kwamitin ladabtarwa, wanda in ya tura maganar Abuja, ana iya raba shi da rigar lauya gaba ɗaya. Tsoro ya kama shi ƙwarai, har sai da ya ji wadda za ta shugabanci zaman: Barista Zulaihat, ɗiyar kawunsa, taubashiyarsa da suka tashi suna tsokanar juna a Gobarau. Nan take ya nemi tuwo ya ci.

Ya shiga ɗakin yana washe baki.

"Ranki ya daɗe, yau raggon Gwaggo ne a hannunki."

"Ai na gani," in ji Zulaihat. "Kullum ina faɗa ba ka da wayau, yau ga shaidu."

Lado ya ji sanyi a ransa. Tunda ana wasa, ai an gama.

Sai ta rufe alƙalaminta, ta dubi sauran 'yan kwamitin.

"Wanga ɗan'uwana ne. In na sassauta mishi na ci amanarku, in na tsananta ba ni da fuskar shiga gidan Gwaggo, mahaifiyarsa. Na sauka. Barista Usman, bismillah."

Usman ɗin nan ko gaisuwa a taƙaice yake amsawa.

"Haba Zulai!" in ji Lado. "Ni za ki bari?"

Ta tsaya a bakin ƙofa, ta waiwayo.

"Da kunya, ko? Haka ake yi, Lado. A ji kunyar, a tashi."

Ta ja ƙofa, Usman ya gyara zama ya ce Lado ya faɗi cikakken sunansa.